Sakan ɗaya, kaɗawa 9,192,631,770

Kowane agogo aiki biyu yake yi. Akwai abin da ke kai da komo, akwai kuma abin da ke ƙirga kai-da-komon. A agogon hannu mai batir, abin da ke kaɗawa wani ɗan yankin dutsen kwatz ne mai baki biyu kamar gwafa, kuma yana kaɗawa sau 32,768 a sakan. Ba da ka aka zaɓi wannan lamba ba: in ka raba ta biyu sau 15 a jere za ka sauka a kan 1 cif, shi ya sa 'yar da'irar lantarki mai sauƙi ke iya mayar da ita bugu ɗaya a kowane sakan. Raunin dutsen shi ne zafi da sanyi. An yanka shi ne don ya yi daidai a kusan digiri 25 na ma'aunin Selsiyos, in ya ɗara haka ko ya gaza sai ya rage gudu, kuma babu guda biyu da aka yanka daidai wa daida. Kuskuren sakan goma sha biyar a wata ba abin mamaki ba ne.

Juyawar duniya ma, wadda aka daɗe ana raba ta gida 86,400 a kira kowane gida sakan, ba ta da tabbas. Tudun ruwan teku da wata ke jawowa yana taka mata birki a hankali, iskoki da narkakken ƙarfen da ke cikinta kuma suna sa tsawon yini ya riƙa sauyawa da 'yan milisakan. A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka haɗa agogon sisiyom (wani nau'in ƙarfe) na farko mai aiki sosai a Teddington da ke Ingila. A 1967 babban taron ma'aunai na duniya ya yanke cewa sakan shi ne tsawon lokacin kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ya dace da tsallen ƙwayar zarrar sisiyom-133 tsakanin matakan makamashinta biyu na can ƙasa. Tun daga ranar, lokacin da duniya ke aiki da shi ƙidayar kaɗawar haske ne.

"Haske" a nan bai tsaya ga wanda ido ke gani ba. Igiyar rediyo, maikurowef, zafin da ke tashi daga garwashi, hasken hoton ƙashi na asibiti, duk abu ɗaya ne: kaɗawar lantarki da maganaɗisu da ke tafiya da gudu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne sau nawa suke kaɗawa a sakan, wanda ake rubutawa da Hz. Na sisiyom yana cikin zangon maikurowef, tsawon zangonsa santimita 3 da ɗan ɗoriya.

Makamashi da kaɗawa

Abin da ya sa zarra ta fi dutse amana yana cikin gajeriyar ƙa'ida guda, E = hf. Max Planck ne ya shigo da ita a 1900, Albert Einstein kuma ya ɗauke ta da gaske a 1905, ya ce haske dunƙule-dunƙule yake zuwa, kowace ƙwaya, wato foton, tana ɗauke da makamashi E daidai da yawan kaɗawarta f sau wata tsayayyiyar lamba h. Darajar h ita ce 6.62607015 × 10⁻³⁴, kuma tun 2019 an kafe ta a haka, ba a sake aunawa. Ma'auninta ya cancanci a tsaya a duba: jul sau sakan, wato makamashi sau lokaci. Ita ce kuɗin canji tsakanin su biyun. Ka ba ni tazarar makamashi, na ba ka yawan kaɗawa, kaɗawa kuwa agogo ce.

Koren haske mai tsawon zango nanomita 550 yana kaɗawa kusan sau 5.45 × 10¹⁴ a sakan, kowane foton nasa na ɗauke da jul 3.6 × 10⁻¹⁹. Foton na sisiyom bai wuce jul 6.1 × 10⁻²⁴ ba, ya gaza na koren haske kusan sau dubu sittin. Matakan makamashin zarra ba a sassaƙa su a masana'anta ba, don haka duk zarrar sisiyom-133 da ke ko'ina tazara ɗaya take da ita, in dai an bar ta ta sarara.

A wannan "in dai" ɗin gizo ke saƙar.

Ga yadda agogon sisiyom irin na bututu yake aiki. Ana ɗumama sisiyom a ɗan murhu zuwa kusan digiri 100 (ƙarfe ne mai laushi da ke narkewa tun a digiri 28.5), tururinsa ya fito ta siririyar kafa cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Maganaɗisu na farko yana tace zarrori, waɗanda ke mataki ɗaya kawai yake bari su wuce. Sai su ratsa wani kogon ƙarfe da ake cika shi da maikurowef. Wannan maikurowef daga dutsen kwatz ake samo shi, ana ninka kaɗawarsa har ta kai kusan 9.19 GHz, wato sau biliyan 9.19 a sakan. Idan kaɗawar ta faɗa daidai kan tazarar zarra, zarrori da yawa za su tsallaka zuwa mataki na biyu. Maganaɗisu na biyu yana karkata waɗanda suka tsallaka zuwa ga wata waya mai zafi da ke mayar da su lantarkin da za a iya aunawa. Na'urar tana ɗan lilo da kaɗawar, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, tana duba ta wane ɓangare lantarkin ya fi yawa, sannan ta gyara wa kwatz ɗin zama. Wato kwatz ne ke bugawa, zarra mai tsawatarwa ce kawai.

Kaifin wannan tsawatarwa ya dogara ne da tsawon lokacin da aka samu ana kallon zarrar. Mai son bambance sautuka biyu masu kusanci dole ya saurara na ɗan lokaci mai tsawo, haka abin yake a nan: kallo na tsawon T yana bambance kaɗawa ne zuwa kusan 1/(2T). Wannan ita ce fuskar aiki ta ƙa'idar nan da ke cewa makamashi ba ya fayyacuwa sai an ba shi lokaci. A bututu zarrori suna gudun ɗaruruwan mita a sakan, 'yan milisakan kawai ake samu, faɗin layin ya kai ɗaruruwan Hz. Norman Ramsey ya kawo dabarar taɓa zarrar da maikurowef sau biyu, a farkon tafiya da ƙarshenta, a bar ta ta yi tsakiyar ita kaɗai. Agogunan zamani da ake kira maɓulɓula sun kai dabarar ƙarshe: ana sanyaya zarrori da leza shida zuwa 'yan kashi cikin miliyan na digiri sama da sifilin ƙarshe, wato iyakar sanyi, a cilla su sama kusan mita ɗaya, su ratsa kogon suna hawa, su sake ratsa shi suna faɗowa. Tsakanin ratsawa biyun akwai kusan rabin sakan, faɗin layin ya dawo kusan 1 Hz. Irin waɗannan sai sun yi fiye da shekara miliyan 100 kafin su kauce da sakan ɗaya.

Duk abin da ke ɓata agogon zarra, in ka bi diddigi, abu ne da ya taɓa makamashin matakan. Maganaɗisun waje yana buɗa tazarar, shi ya sa ake naɗe bututun da garkuwar ƙarfe hawa-hawa, a kuma sa wani ɗan maganaɗisu sananne da gangan don a iya cire tasirinsa a lissafi. Ɗumin bangon na'urar kansa haske ne, kuma a zafin ɗaki yana karkata kaɗawar da kusan kashi 2 cikin 10¹⁴, abin da ya ninka kuskuren agogon sau ɗari. Wasu ɗakunan gwaji suna sanyaya bangon da ruwan naitirojin saboda haka. Karon zarrori da juna ma yana karkatarwa, sai a auna da cunkoso mai yawa da kaɗan a ƙiyasta abin da zai kasance in babu karo. Akwai gyara guda da ya fi waɗannan duka girma a wasu wurare, na tsayin wurin da agogon yake zaune. Za mu iso gare shi.

Santimita 30

Ole Rømer ne ya fara nuna cewa haske na ɗaukar lokaci, a 1676 a birnin Faris. Ya lura cewa husufin Io, ɗaya daga watannin Mushtari, yana makara in duniya tana nisa da Mushtari, yana kuma sammako in tana matsowa. A 1849 Hippolyte Fizeau ya auna gudun a doron ƙasa da faifai mai haƙora 720 da madubi a nisan mita 8,633. Haske ya fita ta giɓin haƙora, ya je ya dawo. Da faifan ya kai juyi 12.6 a sakan sai hasken ya ɓace, domin kafin ya dawo haƙori ya tare giɓin. Lissafin a buɗe yake: haƙora da giɓi 1,440 sau 12.6 ya ba da 18,144, wato tafiyar mita 17,266 ta ɗauki kashi ɗaya cikin 18,144 na sakan. Sakamakon kilomita 313,000 ne a sakan, ya ɗara gaskiya da ƙasa da kashi biyar cikin ɗari. Ga mai aiki da fitila da faifai, wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne.

A 1983 aka daina auna gudun haske. An kafe shi a mita 299,792,458 a sakan, aka kuma ce mita ita ce nisan da haske ke ci a sararin da babu komai cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan. Tsayi ya koma ya dogara da lokaci, lokaci kuma da kaɗawa. Lambar da ta fi amfani ga mai aiki ita ce wannan: nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, santimita 30 ne. Maikurosakan ɗaya mita 300. Wata yana nisan sakan 1.3, rana kuma minti 8 da sakan 20.

Wannan gudun na sararin wofi ne. A ruwa haske na yin kusan kilomita 225,000 a sakan, a zaren gilashin intanet kusan 204,000, wato maikurosakan 5 ga kowace kilomita.

Mai osiloskop (na'urar da ke zana siginar lantarki a fuskarta) na 100 MHz da na'urar fitar da sigina zai iya ganin irin wannan jinkiri da idonsa a cikin kebul. A samu kebul RG-58 mai om 50, tsawon mita 50, a auna shi da tef a miƙe. A sa mahaɗin BNC mai siffar T a bakin osiloskop, hannu ɗaya zuwa na'urar sigina ta gajeren kebul, ɗaya hannun zuwa dogon kebul, a bar ƙarshensa a buɗe. A saita osiloskop a kan megaom 1, na'urar sigina kuma a kan om 50. A aika gajeren bugu mai faɗin nanosakan 50. Tudu biyu za su bayyana a fuskar na'urar: bugun da ya fita, da amsa-kuwwarsa bayan kusan nanosakan 505. Tafiyar mita 100 ke nan, zuwa da dawowa, wanda ya ba da kusan kilomita 198,000 a sakan, kashi 66 cikin ɗari na gudun haske. Robar foliyetilin da ke tsakanin wayar ciki da ragar waje ce ta rage shi da kusan ninki ɗaya da rabi. In aka haɗe wayar ciki da raga a ƙarshen kebul, amsa-kuwwar za ta dawo a kife. In aka sa rezisto mai om 50, za ta ɓace ɗungum, domin makamashin bugun ya zama zafi a cikinsa.

Wuraren tuntuɓe sanannu ne. Kebul ɗin talabijin RG-6 om 75 ne, kuma robarsa mai kumfa ce, gudun cikinsa ya haura kashi 80 cikin ɗari. Mai amfani da shi zai ga ƙananan tuddai na ƙari da lambar da ba ta yi kama da ta sama ba. Bugun da faɗinsa ya wuce lokacin zuwa da dawowa zai hau kan amsa-kuwwarsa, su zama matakala. Kebul yana cinye kaɗawa masu sauri fiye da masu nawa, don haka tudu na biyu yakan dawo gajere da gefe mai gangara. A auna daga rabin tsayin gefen gaba na kowane tudu, kada a auna daga ƙololuwa. Mafi kyau duka, a yi gwajin da tsayi biyu, mita 50 da mita 25, a raba bambancin nisa da bambancin lokaci. Duk wani jinkiri da ke ɓoye a mahaɗai zai fita daga lissafin.

Wannan jinkirin mahaɗi ya taɓa girgiza duniyar fiziks. A Satumbar 2011 gwajin OPERA ya ba da rahoton cewa ƙwayoyin nutrino da aka harbo daga cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isowa da nanosakan 60. Tazarar mita 18 ke nan. A farkon 2012 aka gano babban dalilin: zaren gilashin da ke kawo lokacin GPS zuwa agogon gwajin bai ɗauru sosai a mahaɗinsa ba.

Gudu yana rage ƙidaya

A 1887 Albert Michelson da Edward Morley suka nemi bambanci tsakanin gudun haske ta inda duniya ta dosa da ta gefe, ba su samu ba. A 1905 Einstein ya ɗauki daidaiton gudun haske ga kowane mai kallo a matsayin tushe, ya bi abin da zai biyo baya. A ɗauki madubai biyu suna fuskantar juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, haske na kai da komo tsakaninsu. Agogo ke nan. In agogon yana wucewa ta gabanka da gudu, a wurinka hasken ba sama da ƙasa yake yi ba, a karkace yake tafiya, hanyarsa ta fi tsawo. Tunda gudunsa bai ƙaru ba, kowane bugu ya fi daɗewa. Lissafin alwatika mai kusurwar dama ya ba da ninkin: γ = 1/√(1 − v²/c²), inda v gudun agogon ne, c kuma gudun haske. A rabin gudun haske γ 1.15 ne, a kashi 86.6 cikin ɗari 2 ne, a kashi 99.5 kuma 10.

Ana iya cewa wannan lalurar agogon madubi ce kawai. To amma in da agogon zarra ko bugun zuciya ba su bi sahu ba, da wanda ke cikin jirgi a rufe zai gane gudunsa ta hanyar gwada agogo biyu, abin da babu gwajin da ya taɓa nunawa. Shaida ma tana sauko mana daga sama kullum. Ƙwayoyin muwon suna samuwa a kusan kilomita 15 sama, inda ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya ke karo da iska. Matsakaicin ransu maikurosakan 2.2 ne, wanda ko da gudun haske bai wuce mita 660 ba. Da haka abin ya tsaya, ɗaya cikin biliyoyi ne zai taɓa ƙasa. Da γ na 10 tafiyar ta zama kilomita 6.6, kusan ɗaya cikin goma ya iso. Abin da ake aunawa a gaɓar teku shi ne kusan muwon ɗaya a kowane murabba'in santimita a minti.

γ ɗin nan dai shi ne ke cikin makamashin abu mai gudu: E = γmc², inda m nauyin abin ne. Abin da agogonsa ke tafiyar hawainiya sau goma, makamashinsa ya ninka na zamansa sau goma. A zaune, γ 1 ne, sai a samu E = mc² da kowa ya sani. Giram ɗaya daidai yake da kilowat-awa miliyan 25. Rana tana mayar da tan miliyan 4 da ɗoriya zuwa haske a kowane sakan. Ta ɗaya gefen kuma, batirin mota mai ɗaukar kilowat-awa 50 yana ƙara nauyin maikurogiram 2 in ya cika, abin da babu sikelin da zai gani.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa "foton ba ya jin lokaci". Ina ganin gara a yi hattara da ita. Abin da lissafi ya ce shi ne tazarar lokaci-da-wuri a kan hanyar haske sifili ce. Babu wani mazauni da haske ke tsaye a cikinsa da za a ajiye agogo a tambaye shi, don haka jimlar ba ta bayyana wani abin da za a iya aunawa.

Hawa sama

Mutane da yawa suna kiran ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa maganaɗisun duniya. Sunan yana ruɗarwa, domin allurar kamfas daban, faɗuwar dutse daban. A nan girabiti za mu ce.

Dutsen da aka jefa sama yana biyan kuɗin hawa da gudunsa. Foton ba shi da gudun da zai rage, sai ya biya da makamashi, kuma tunda E = hf, kaɗawarsa ce za ta ragu. Yanzu a yi tunani: na ƙasa yana aika kaɗawa dubu a kowane sakan nasa, na sama yana karɓar ƙasa da dubu a kowane sakan nasa, kuma babu kaɗawar da ta ɓace ko ta taru a hanya, tunda babu abin da ke motsi. Mafita ɗaya ce, sakan na ƙasa ya fi na sama tsawo. Girman abin kusa da doron ƙasa shi ne gh/c² (g ƙarfin girabiti ne, h kuma a nan tsayi ne), kusan kashi 1.1 cikin 10¹⁶ ga kowace mita. A shekara 80, mita ɗaya ta tsayi tana tara kusan rubu'in maikurosakan.

Robert Pound da Glen Rebka sun auna wannan a Harvard a 1960, a hasumiya mai tsayin mita 22.5, da hasken gamma na ƙarfe-57. Sauyin da suke nema kashi 2.5 ne cikin 10¹⁵. Sun ɗora tushen hasken a kan lasifika mai kaɗawa don su gano gudun da zai soke sauyin, gudun da bai kai milimita 3 a awa ba. Sun cika hanyar da iskar hiliyom don kada iskar ɗaki ta shanye hasken. Abin da ya fi wahalar da su shi ne zafi: bambancin digiri ɗaya tsakanin sama da ƙasa yana kawo sauyi kusan daidai da wanda ake nema, saboda zarrori masu zafi sun fi rawa, mai rawa kuma agogonsa na jinkiri. Sai da suka riƙa auna zafin, suna kuma musanya na sama da na ƙasa, domin tasirin girabiti yana juya alama in an musanya, lahanin kayan aiki kuwa ba ya juyawa. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka zaga duniya da agogunan sisiyom huɗu a jiragen fasinja. Tafiyar gabas ta rage nanosakan 59, ta yamma ta ƙara 273, daidai da hasashe gwargwadon kuskuren aunawa.

Ga gyaran da aka ambata ɗazu. Agogon da ke Boulder a Amurka, kusan mita 1,650 sama da teku, yana gaba da na gaɓar teku da kusan nanosakan 15 a kowace rana. Dole a cire wannan kafin a haɗa shi cikin lokacin duniya.

A GPS tasirin biyu suke haɗuwa suna ja-in-ja. Taurarin ɗan Adam na GPS suna kilomita 20,200 sama, suna gudun kusan kilomita 3.9 a sakan. Gudun yana rage wa agogonsu maikurosakan 7 a rana, tsayin yana ƙara masa 45, saura 38 na ƙari. Maganin tun a ƙasa ake yin sa: maimakon 10.23 MHz, ana saita agogon a 10.22999999543 MHz, in ya hau sai a ji shi daidai daga ƙasa. Tunda falakin ba cikakkiyar da'ira ba ne, tauraro na ɗan hawa da sauka, ragowar da ke iya kai 'yan gomman nanosakan kuma na'urar karɓa ce ke lissafa ta. A tashar sararin samaniya da ke kusan kilomita 400 sama, gudu ne ke rinjaye, agogo na baya da kusan maikurosakan 25 a rana. A tsayin kusan kilomita 3,200 biyun suke soke juna.

Ana yawan cewa in babu gyaran, GPS zai riƙa kuskuren kilomita 11 kullum. Maikurosakan 38 sau gudun haske kilomita 11 ne, babu shakka, amma wannan kuskuren nisan tauraro ɗaya ne. Na'urar karɓa tana neman abu huɗu ne, wuri mai fuska uku da kuskuren agogonta na kwatz, shi ya sa take buƙatar taurari huɗu. Kuskuren da duk taurarin suka yi tarayya a kansa yawancinsa cikin na huɗun yake shigewa. Wanda zai sha wuya kai tsaye shi ne mai ɗaukar lokaci daga GPS, kamar hasumiyoyin waya da layukan wutar lantarki. A aikin yau da kullum ma, abin da ya fi damun mai auna wuri shi ne saman iska mai cajin lantarki, wanda ke jinkirta sigina da abin da ya kai mitoci. Jinkirin ya dogara da yawan kaɗawa, don haka na'urori masu kyau suna sauraron zango biyu, 1575.42 da 1227.60 MHz, su cire shi daga bambancin.

Dangantakar makamashi da lokaci ta fi agogo zurfi. A 1918 Emmy Noether ta tabbatar da cewa dokar rashin ƙaruwa ko raguwar makamashi tana fitowa ne daga kasancewar dokokin fiziks iri ɗaya jiya da yau. Inda fagen kansa ke sauyawa da lokaci, kamar sararin samaniya mai faɗaɗa, dokar ba ta tsayawa a siffarta ta makaranta. Hasken da ya tashi shekara 380,000 bayan farkon faɗaɗawar, a zafin kusan kelbin 3,000 (digiri da ake ƙirgawa daga sifilin ƙarshe), yana iso mana a kelbin 2.7, zangonsa ya miƙe kusan sau 1,100, makamashin kowane foton ya ragu da wannan ninki. Fashewar tauraro mai nisa da zangon haskenta ya ninka biyu, ana ganin haskakawarta da dusashewarta sun ɗauki ninki biyu na kwanakin da ta kusa ke ɗauka.

Sisiyom kansa ya kusa sauka daga kujera. Agogunan sitirontiyom suna aiki da jan haske mai kaɗawa kusan 429 THz (sau tiriliyan 429 a sakan), sau dubu 47 fiye da na sisiyom, kuma yawan kaɗawa yana yanka sakan gida-gida ƙanana. Kuskurensu ya sauko zuwa kusan kashi 1 cikin 10¹⁸. A 2010 masu bincike a Boulder suka ɗaga agogon alminiyom da santimita 33 suka ga ya ƙara gudu, a 2022 kuma aka ga bambancin tsakanin sama da ƙasan gajimaren zarrori mai tsayin milimita ɗaya. Ana shirin sake fayyace sakan da irin waɗannan agogunan a wajen 2030. Kashi 1 cikin 10¹⁸ daidai yake da tsayin santimita ɗaya, don haka kafin a gwada agogo biyu da ke nahiyoyi daban sai an san tsayin kowannensu a cikin girabitin duniya zuwa santimita. Ƙasar da aka ajiye su a kai kuwa, jan wata da rana na ɗaga ta yana sauke ta da santimita ashirin zuwa talatin a kowace rana.